Ƙarfen nan da nake jera leda a ciki in zan yi girkin su-bid

Assalamu alaikum 'yan uwa, barkanmu da war haka. Tunda na nuna kular da nake girkin su-bid a ciki da ledojin kaza a jere cikin ruwa tambaya ɗaya ce ke ta zuwa min, wai menene wannan ƙarfen da ledojin ke tsaye a ciki, kuma dole ne sai da shi? Wata ma cewa tayi ita ta ɗauka abin kife faranti ne na jefa a ruwa. Toh bata yi nisa da gaskiya ba dan kusan ƙirarsu ɗaya, rak ake ce masa, kuma ni dai in har leda ta wuce ɗaya bana kunna injin girkin sai na fara saka shi. Ba dan kwalliya bane wallahi, magana ce ta ko nama ya dahu ko bai dahu ba.

Ga wadda bata san girkin ba, su-bid ɗin nan, wanda in zaki nema a intanet sous vide zaki rubuta, shine ki zuba nama ko kifi ko kayan lambu a leda ki cire iskar ciki ki rufe, sai ki tsoma a ruwan da wata 'yar na'ura ke riƙe zafinsa a wuri guda, baya hawa baya sauka. Na'urar doguwa ce ana maƙala ta a bakin roba ko tukunya, a cikinta akwai hita, akwai ma'aunin zafi, akwai kuma 'yar farfela da ke juya ruwan. Ruwan ba tafasa yake ba fa, in kin ce digiri 57 to a 57 zai zauna ko da zai kwana biyu. A Faransa aka fara abin a gidajen abinci, wajen 1974 wani kuku Georges Pralus ya riƙa naɗe hantar nan tasu mai tsada ta agwagwa a leda yana dafawa gidan abincin Troisgros da ke garin Roanne, dan in aka soya ta kai tsaye narkewa take ta rasa nauyi mai yawa, sai kuma Bruno Goussault shi ya zauna yayi ta binciken wane zafi ne ya dace da wane nama kuma na awa nawa. Shekara da shekaru abin na manyan otal ne, sai da kamfanoni irin su Anova suka fito da ƙananan injina, wani injin mai suna Joule ma ya fito a 2016, sannan ya shigo kicin ɗin gida har ya iso irinmu.

Toh ga inda gizo ke saƙar. In kina suya a kasko, man nan yana kai digiri 170 ko 180, naman kuma abin da yake nema a cikinsa bai wuce 60 zuwa 75 ba, kinga tazarar da yawa, ko kin cunkusa nama ya hau kan juna zafin zai ratsa dan yafi ƙarfin abin da ake buƙata nesa ba kusa ba. A su-bid babu wannan rarar. Ruwan daidai zafin da kike so tsakiyar naman ta kai yake, babu ƙari ko digiri ɗaya, saboda haka duk aikin ya rataya ne akan ruwan ya taɓa kowane ɓangare na ledar kuma ya riƙa wucewa, wanda ya ba nama zafinsa ya huce ya matsa wani mai zafi ya zo. Duk inda ruwa baya ratsawa to wajen girki ya tsaya ko yana jan ƙafa.

Kuma zafi baya shiga nama yadda muke zato, wai in kauri ya ninka biyu lokaci ma ya ninka biyu. A'a. Lokacin kusan sau uku zuwa huɗu yake ninkuwa. Akwai wani masanin lissafi ɗan Amurka, Douglas Baldwin, shi ya fitar da jadawalin da yawancin masu wannan girkin ke bi, yankan nama mai kaurin santimita 2 da rabi da aka ciro daga firij yana ɗaukar awa ɗaya da 'yan mintuna kafin tsakiyarsa ta kamo zafin ruwa, amma mai santimita 5 sai ya ci awa uku da rabi. Yanzu ki duba, kin yanka namanki santimita 2 da rabi kowanne a ledarsa, kin lissafa awa ɗaya da rabi ya isa, sai ledoji biyu suka manne da juna a cikin ruwa. Ai a wajen zafi ba yanka biyu bane kuma, yanka ɗaya ne mai santimita 5, fuskokin nan biyu da suka haɗu sun zama tsakiya. In uku suka haɗu abin ya ƙara lalacewa, na tsakiyar ta gefe-gefe kawai yake samun zafi. Kamar shanya ce, in kika ɗora zani akan zani a igiya na waje zai bushe tsakaninsu kuma jiƙe zaki same shi komai zafin rana.

Kuma mannewa suke, ba sai kin haɗa su ba. Ki tsaya ki kalli ruwan in injin na aiki, farfelar na tura ruwa gefe guda yana zagayowa, ledojin sai su riƙa tafiya a hankali suna bin ruwan har su taru a lungu ɗaya su kwanta akan juna, leda jiƙaƙƙiya kuwa in ta haɗu da 'yar uwarta sai ta lafe, ko ɗigon ruwa baya shiga tsakani. Wata 'yar uwa ta taɓa turo min hoton tsokar ƙirjin kaza da ta ciro, gefe ɗaya fari tas ya dahu, ɗaya gefen kuma a tsakiyarsa ga wani zagaye mai sheƙi ja-ja, daidai girman inda ɗaya ledar ta kwanta a kai, bakin-bakin ya dahu ya bar tsakiya. Tana ta zargin injin, nace mata injinki lafiyarsa lau, ma'auninsa ruwan da ke kusa dashi yake aunawa kuma gaskiya ya faɗa miki, bashi da ido a tsakanin ledoji.

In jan nama ne abin da zaki rasa daɗi ne da laushi, amma kaza maganar lafiya ce, shiyasa nake ɗaukar abin da zafi. Mun saba jin cewa sai kaza ta kai digiri 74, gaskiya ne a 74 ƙwayar salmonela nan take take mutuwa. A su-bid ana dafa ƙirjin kaza a 60 zuwa 65 dan ta fito da ruwa-ruwanta bata bushe ba, kuma lafiya lau ne amma da sharaɗi, a 60 sai tsakiyar ta kai 60 ɗin sannan ta zauna a haka kusan rabin awa kafin ƙwayoyin cutar su mutu. Wato lokaci ne ke yin aikin da tafasa ke yi. Toh in mannewar leda ta cinye miki lokacin, agogo ya buga kin ciro alhali tsakiyar ma bata iso ba balle ta zauna, me kika yi kenan? Kuma akwai ƙwayar da ake kira Clostridium perfringens da ke iya hayayyafa har zuwa wajen digiri 52, shiyasa duk girkin da zai daɗe ba'a yinsa ƙasa da 54 zuwa 55. Naman da ya daɗe yana zaune a 40 da wani abu ɗumin da ƙwayoyin cuta suka fi so kenan. Yara ake ba abincin nan da tsofaffi da masu ciki, ni bana wasa da wajen nan.

Sai matsala ta biyu, tasowar leda. Wannan ko leda ɗaya ce tana yi. Ko da injin zuƙe iska kika rufe akwai 'yar iskar da ke maƙalewa a lungun ƙashi ko a ƙarƙashin fata, in ta ji zafi sai ta kumbura, kitse ma shi dama baya nutsewa a ruwa. Kayan lambu kuwa su suka fi kowa, karas da dankali a wajen digiri 84 ake yinsu dan ƙasa da haka basa laushi, a wannan zafin tururi na taruwa a ledar ga iskar da ke jikinsu tana fita, kina sakawa ta nutse lafiya, bayan minti 20 ki leƙa ki ganta a sama tayi tulu tana yawo. Ɓangaren da ya leƙo waje iska ce ke kewaye dashi ba ruwa ba, iska kuma bata kai zafi yadda ruwa ke kaiwa, ko kusa. Rak mai kyau yana da wata sanda ko marfin waya da ake ratsawa ta sama bayan an jera ledoji, ledar zata yi ta yunƙurin tasowa ta tokare da sandar ta tsaya a cikin ruwa. In zaki siya ki dubi wannan sandar kafin komai, rak marar ita rabin aiki kawai yake yi. Sannan ya zama mai ɗan nauyi, dan ledojin karas in suka yi yawa har rak ɗin suna iya ɗagawa.

Akwai kuma na uku da ba kowa ke lura ba, kusurwar leda ta je ta toshe ramukan da injin ke jan ruwa ta ƙasa. Zaki ji ƙarar ta canza, daga ɗan gurnaninsa na kullum ya koma wani fat-fat-fat, ruwan saman kuma ya daina motsi. In haka ta faru ruwan kusa da hita ne kawai ke zafi, can nesa yana hucewa, injin kuma na nuna miki lamba mai kyau. In ledoji na cikin rak ba mai zuwa wajen.

Yanzu wane iri za'a nema. Akwai waɗanda aka ƙera dan wannan aikin, kamfanin LIPAVI na yinsu daidai da girman robobinsu, da ƙarfen da baya tsatsa mai lamba 316L, suna da kyau sosai amma kafin a kawo miki daga waje kuɗin jirgi ma kaɗai ya isheki. Turawa da yawa ma ba shi suke siya ba, abin jera murafen tukwane na kamfanin IKEA mai suna Variera suke tsomawa, shi yana buɗewa yana tsukewa sai ki daidaita shi da faɗin robarki. Abin da nake so ki gane ba suna ake nema ba, layukan waya ne a tsaye da tazara tsakaninsu, da ƙafa da zata ɗaga leda daga ƙasan roba dan ruwa ya bi ta ƙarƙashi. Abin jera faranti ko na murafe da ke kasuwa in girmansa ya shiga kularki zai yi.

Sai dai ki kula da ƙarfen. Yawancin masu arha da ke ƙyalli baƙin ƙarfe ne aka shafa masa ƙyallin a sama, ya kwana biyu a ruwan ɗumi sai kiga ja-ja ya fara fitowa ta wajen waldar. Gaskiya tsatsar ba zata taɓa abincin ba tunda yana cikin leda, amma tana ɓata ruwa, tana shiga injin, kuma inda ƙyallin ya ɓare yana zama kaifi ya tsaga leda, leda ta tsage kuwa romo ya fita ruwa ya shiga an yi asarar girki gaba ɗaya ga wankin farfela. Ki nemi sitenles na gaske, mai lamba 304 ya isa, 316 ya fishi jure gishiri amma ba dole bane. Mutane na gwadawa da maganaɗisu, in ya cafke da ƙarfi to ayi shakka, amma ba hujja bace dan akwai sitenles ɗin da maganaɗisu ke kamawa. Ni abin da nafi yarda dashi ki jiƙa shi a ruwan gishiri ya kwana biyu, mai tsatsa zai tona kansa. Masu rufin farar roba irin na cikin firij suma in robar ta tsage ta nan suke fara ci. Na katako kuwa kar ma a fara, tasowa zai yi.

Yadda nake jerawa ba wani wahala. Tun daga leda ake farawa, nama shimfiɗa ɗaya, kar wani yanka ya hau kan wani a cikin leda, dan in kin tara su a ciki to rak bashi da abin da zai miki, matsalar kin riga kin rufe ta a leda. Gara ledoji da yawa sirara da guda ɗaya ƙatuwa. Kuma leda mai kauri ta abinci, ko ta injin zuƙe iska ko mai zif irin ta firiza, banda baƙar ledar cefane da farar ledar ƙulla ƙanƙara dan Allah. In mai zif ce sai ki tsoma ta a ruwa a hankali bakin a buɗe, ruwan da kansa zai matse iskar ta fito ta sama, in saura kaɗan bakin ya taɓa ruwa sai ki ja zif. Ita mai zif nafi so bakinta ya tsaya sama da ruwa a maƙale, abincin kuma can ƙasa a nutse, kuma in zafin zai wuce 70 ki ninka ta biyu dan ɗinkin gefenta na saki. Sai kowace leda ta shiga layinta a tsaye, yatsa ɗaya ko biyu su iya shiga tsakaninta da ta kusa. In layukan sun matsu da yawa ki riƙa tsallake ɗaya. Sannan ki juya rak ɗin yadda ruwan da injin ke turowa zai bi ta tsakanin layuka ya wuce, ba ya zo ya daki faɗin ledar farko ya tsaya ba, wannan ƙaramin abu ne amma ki gwada ki saka hannu ta can ƙarshe zaki ji bambancin motsin ruwan. Ruwa ya rufe abincin da kamar yatsa biyu, ya kuma tsaya tsakanin layukan nan biyu da ke jikin injin masu nuna iyakar ruwa ta ƙasa da ta sama, sai marfi ko a rufe da leda dan kar ya ƙafe in girkin na dogon lokaci ne.

Kar kuma dan akwai rak a cika roba taf. Abinci kar ya fi ruwa yawa, in kin zuba nama mai sanyi da yawa zafin ruwan faɗuwa zai yi, injinan nan kuwa wat 800 zuwa 1200 ne yawancinsu, suna ɗaukar lokaci kafin su dawo dashi. Ki fara ƙirga lokaci daga sanda lambar ta koma inda kika sa ta. Af, in za'a aiko miki da injin daga Amurka a tabbatar mai 220 ne, nasu na can 110 ne, wutarmu ƙona shi zata yi.

Inda nafi jin daɗinsa lokacin layya ne, nama ya taru kowa ya gaji da suya. Haƙarƙari da ƙwauri da kafaɗa ki yanka ki barbaɗa gishiri da citta da masoro da garin tafarnuwa, ɗanyar tafarnuwa bata daɗi a wannan girkin dan zafin baya isa ya dafa ta, ki jera ledoji a rak a barsu awa 24 har 48 a wajen digiri 60 zuwa 65, jijiyar nan duk ta narke naman kuma bai farfashe ba. Irin wannan dogon girkin wani lokaci leda na kumbura ta fito da wani tsami-tsamin wari, ƙwayoyin da ke saman naman ne suka samu sarari kafin zafi ya kama su, maganinsa a tsoma ledar a tafasasshen ruwa kamar minti ɗaya kafin a kai ta kula. Kuma in an gama ba ci za'ayi nan take ba, rak ɗin gaba ɗaya nake ɗagowa da ledojinsa in dire a baho mai rabin ƙanƙara rabin ruwa, dan lissafin nan na kauri haka yake a wajen hucewa, ledoji a manne tsakiyarsu ta daɗe da ɗumi, a rarrabe kuwa nan da nan sun yi sanyi sai firij, in zasu wuce 'yan kwanaki sai firiza. Ranar da za'a ci a ɗumama a ruwa, a ciro a goge naman ya bushe sosai, a ɗora a kasko mai zafin gaske ko kan gawayi minti ɗaya kowane gefe ya samu launi da ƙamshi, a kawo yaji.

Maganar wuta kuwa dole a faɗa, ni dogon girki akan sola nake yi kuma a cikin kula mai marfi da aka huda wa injin wajen shiga, kula na riƙe zafi sosai ko an ɗauke wuta na ɗan lokaci ruwan baya saurin sauka, injin ma baya shan wuta da yawa in ruwa ya riga yayi zafi. In aka ɗauke kina kusa kika ga zafin zai sauka ƙasa da 54 ki ɗago rak ki juye naman a tukunya ki ƙarasa a wuta. In kuwa cikin dare aka ɗauke kika tashi kika tarar ruwa ya huce baki san tun yaushe ba, haƙuri za'ayi a zubar, da zafi amma haka ne.

Ba kullum ake buƙatarsa ba fa. Leda ɗaya ki maƙale ta a bakin tukunya da abin maƙale shanya, in tana tasowa ki jefa cokali biyu na sitenles masu tsafta a cikin ledar ta ƙasa kafin ki rufe, shikenan. Ƙwai da ɓawonsa ake sakawa, ɗan kwandon waya ya ishe shi dan kar ruwa yayi ta gara shi ya fashe. Cinyar rago sukutum kuwa bata shiga layi, sai dai a shimfiɗa waya a ƙasa a kwantar da ita akai a danne ta sama da wani abu mai nauyi. Faranti da wasu ke kifawa akan ledoji ni bana so, yana danne su amma kuma yana matse su waje ɗaya yana tare ruwa, an gudu ba'a tsira ba.

Bayan girki ki ciro shi ki wanke ki goge ya bushe, kar ya kwana a ruwa a banza. In ruwan burtsatse kike amfani dashi zaki ga wani farin abu na taruwa a jikin wayar da injin, ki zuba farin binega rabi ruwa rabi a dogon kofi ko ƙaramar tukunya ki kunna injin a 60 na ɗan lokaci zai fita, rak ɗin ma a jiƙa shi a ciki.

Wadda bata samu na kasuwa daidai kularta ba ta je wajen masu waldar sitenles, irin masu yin ƙarfen bene da teburin kicin, ba mai waldar ƙofa ba. Ki tafi da kular kanta dan ta ƙasa ta fi tsukewa akan ta sama, awon baki kawai zai yaudare ki. Ki ce masa ya bar wajen injin a gefe ɗaya, tazarar layi kamar santimita 4, ƙafa santimita 1 ko 2, hannu biyu da zasu leƙo saman ruwa dan ɗagowa, da sandar da za'a ratsa ta sama, waldar ma da sandar sitenles zai yi dan in yayi da ta baƙin ƙarfe ta nan tsatsa zata fara. Kafin ki biya shi ki bi bakin kowace waya da yatsa, duk inda kika ji ya ɗan karce ki to ya sake gogewa, dan abin da ya karci yatsa zai huda leda.